In aikin firist na Haruna na har abada ne, me ya sa Ibraniyawa ta ce an canza shi?

Rifkatu ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ina da tambaya, kuma ba don gardama nake yi ba, abin ne ya tsaya min a rai kusan sati biyu ke nan. Ni ce nake jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na 'yan mata a ikkilisiyarmu, muna bin wasiƙar Ibraniyawa sura bayan sura, da muka zo sura 7 ina cikin bayani cewa Yesu firist ne na har abada bisa ga ɗabi'ar Malkisadik, wato sarkin nan kuma firist na zamanin Ibrahim, na Haruna kuwa ya wuce, sai wata yarinya mai yawan karatu ta ɗaga hannu ta buɗe Fitowa 40:15 inda Allah ya ce shafe 'ya'yan Haruna da mai zai sa su zama firistoci har abada a dukan zamanansu. Ta ƙara da Fitowa 29:9, ta kuma kai mu Littafin Ƙidaya 25:13 inda aka yi wa Finehas jikan Haruna da zuriyarsa alkawarin aikin firist na har abada. Sai ta ce min, Anti, in har abadan Haruna ya ƙare, me zai hana na Yesu shi ma ya ƙare wata rana? Gaskiya ban ba ta amsa ba, na ce mata zan bincika. Ba na so in rufe mata baki da "ki dai ba da gaskiya", don tambayar tata tana da nauyi, ni kaina ta taɓa ni. Allah ba ya ƙarya, wannan na sani, to yaya za a haɗa ayoyin nan? Masu sani ku taimaka min.

Malam Iliya ya rubuta:

'Yata Rifkatu, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, irin su ne suke sa malami ya koma karatu. Kin yi daidai da ba ki yi mata amsar ganin dama ba.

Abu na farko shi ne kalmar kanta. A Ibrananci kalmar da aka juya mana "har abada" a ayoyin nan ita ce olam, kuma ba kullum take nufin abin da ba shi da iyaka kwata kwata ba, sau da yawa tana nufin muddin abin da ake magana a kai yana nan. Ki duba Fitowa 21:6, bawan da ya ƙi fita daga gidan ubangidansa aka huda masa kunne, an ce zai bauta masa har abada, kalmar ɗaya ce, alhali kowa ya san in bawan ya mutu bauta ta ƙare. Sannan ki duba 1 Sama'ila 2:30, wannan ma ta fi kusa da maganarmu, Allah da kansa ya ce wa Eli firist na riga na ce gidanka da gidan mahaifinka za su yi ta hidima a gabana har abada, amma yanzu ba haka ba, wanda ya girmama ni shi zan girmama. Kuma abin ya cika a zamanin Sulemanu da ya tuɓe Abiyata na zuriyar Eli daga aikin firist ya sa Zadok a madadinsa, yana nan a 1 Sarakuna sura 2. Wato tun cikin Tsohon Alkawari ma an nuna har abadan gidan firist yana tafiya ne da alkawarin da aka kafa shi a kai.

Amma kada ki tsaya a nan, don in kika tsaya a nan yarinyar za ta kama ki da tambayarta ta biyu, kuma da gaskiyarta. In kalma ɗaya ce a Fitowa da Zabura 110:4, inda aka ce kai firist ne har abada bisa ga ɗabi'ar Malkisadik, kuma ita ce ɗin, to me ya bambanta su? Marubucin Ibraniyawa bai jingina hujjarsa a kan kalmar ba, a kan mutumin ya jingina ta. Ki karanta musu Littafin Ƙidaya 20, wurin yana da ban tausayi sosai, Musa ya hau Dutsen Hor da Haruna da ɗansa Ele'azara, ya tuɓe wa Haruna tufafin firist ya sa wa ɗan, Haruna ya mutu a can kan dutsen yana da shekara 123, mutum biyu suka sauko. To haka aikin firist na Lawi, wato kabilar su Haruna, yake "dawwama", riga ce take wucewa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, mai rigar kuwa kabari ne makomarsa. Masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya ƙirga manyan firistoci 83 daga Haruna har zuwa rushewar Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Mutum tamanin da uku, kuma babu ko ɗaya da ya riƙe rigar. Shi ya sa Ibraniyawa 7:23 zuwa 25 ta ce waɗancan sun yi yawa ne domin mutuwa ta hana su ci gaba, shi kuwa da yake yana nan har abada aikinsa na firist ba ya komawa hannun wani. Aya ta 16 ta ce ya zama firist ba bisa ga dokar gado ba, sai bisa ga ikon rai marar hallakuwa. Ya riga ya mutu ya tashi, mutuwa ta gama abin da za ta yi da shi, to wa zai tuɓe masa rigar, a kan wane dutse?

Akwai kuma rantsuwa. An naɗa Haruna da umarni, ba da rantsuwa ba. A Zabura 110 kuwa Ubangiji ya rantse, aka kuma ƙara cewa ba zai janye ba. Ki kwatanta wannan da abin da aka ce wa Eli, can an ce "amma yanzu", nan an rufe ƙofar "amma yanzu" tun daga farko.

Bitrus ya rubuta:

Na gode Baba Iliya, na ƙaru sosai. Ni dai a nawa fahimtar Malkisadik ɗin nan Yesu ne da kansa ya bayyana ga Ibrahim tun kafin a haife shi, ai an ce ba shi da uwa ba shi da uba ba farkon kwanaki ba ƙarshen rai, wane ɗan adam ne za a faɗi haka a kansa? Ga shi sunansa sarkin adalci, sarkin Salem wato sarkin salama, ya kuma fito da gurasa da ruwan inabi. Ni kam ban ga abin da ya rage ba.

Malam Iliya ya rubuta:

Bitrus ɗana, ba kai kaɗai ba ne, tun zamanin da akwai Kirista da suka ɗauka haka, kuma ba zan ce wanda ya gaskata haka ya fita daga hanya ba. Amma ni ban yarda ba, ga dalilina. Ayar da ka kawo, Ibraniyawa 7:3, ƙarshenta cewa ta yi an kamanta shi da Ɗan Allah. Ba a kamanta mutum da kansa. Kuma Zabura ta ce kai firist ne bisa ga ɗabi'ar Malkisadik, in shi ne shi, sai maganar ta zama kai firist ne irin na kanka.

Abin da marubucin yake yi shi ne yana karanta shirun Littafin Farawa. Ka san Farawa littafi ne na wane ya haifi wane, ya yi shekara kaza ya mutu. Amma Malkisadik aya uku kawai ya samu, Farawa 14:18 zuwa 20, bayan Ibrahim ya dawo daga yaƙin da ya ceto Lutu. Ya fito ba a ce ɗan wane ba, ya sa albarka, ya karɓi ushiri, ya ɓace ba a ce ya mutu ba. Ga Bayahude wannan babban abu ne, don firist ba ya zama firist sai da asali a rubuce, ka duba Ezra 2:61 zuwa 63, waɗansu da suka dawo daga bauta a Babila sun nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. To ga wani firist na Allah Maɗaukaki wanda ba shi da takardar asali ko ɗaya, ya riga Lawi zuwa duniya, kuma Ibrahim kakan Lawi ne ya ba shi ushiri ya karɓi albarka daga hannunsa. Wannan ne ya buɗe wa Yesu hanya, don Yesu daga kabilar Yahuza yake, a ƙarƙashin Shari'ar Musa ba shi da izinin zuwa kusa da bagade. Sarki Uzziya ma ɗan Yahuza ne, da ya shiga Haikali zai ƙona turare kuturta ce ta fito masa a goshi nan take.

Su ma Yahudawa sun daɗe suna mamakin mutumin nan. Malamansu da yawa sun ce Shem ɗan Nuhu ne. A cikin naɗaɗɗun littattafan da aka samu a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri akwai wani guntu daga kogo na 11 da ya nuna shi kamar mai ceto daga sama wanda zai yi shari'a a ƙarshen zamani. Don haka lokacin da aka rubuta Ibraniyawa sunan nan ba baƙo ba ne a kunnen masu ji.

Yohanna ya rubuta:

Salama. Ni ɗan Katolika ne, ina bin maganar nan tun farko kuma na yarda da kusan duk abin da Baba ya faɗa. Abin da nake so in ƙara shi ne a wurinmu wannan maganar ba ta tarihi ba ce kawai, a addu'ar farko ta keɓe gurasa da ruwan inabi a lokacin Mas ana ambaton hadayar Habila da ta Ibrahim da ta Malkisadik da suna. Mutane da yawa suna zaton mun ce Fada wani sabon firist ne da ya gaji Yesu kamar yadda Ele'azara ya gaji Haruna, ba haka muke koyarwa ba. Firist ɗaya ne, Almasihu, hadaya ɗaya ce, ta kan gicciye, ba a maimaita ta. Fada yana tarayya ne a cikin aikin firist na Almasihu, yana tsayawa a madadinsa a gaban jama'a, kuma hadayar nan guda ɗaya ce ake kawo ta a gabanmu. In aikinsa na firist yana nan har yanzu, ai ba abin mamaki ba ne a gan shi yana aiki a duniya ta hannun mutanen da aka keɓe.

Danjuma ya rubuta:

Ɗan'uwa Yohanna na ji daɗin yadda ka yi bayani cikin natsuwa amma a nan ne muka rabu gaskiya. Ka nuna min wuri ɗaya a Sabon Alkawari da aka kira shugaban ikkilisiya firist. Dattawa ake ce musu, masu kula, makiyaya, masu hidima. Kalmar firist kuwa in ba firistocin Yahudawa ko na gumaka ko Malkisadik ake nufi ba, to ko dai Yesu ne ko kuma dukan masu bi gaba ɗaya, 1 Bitrus 2:9 ta ce ku zaɓaɓɓiyar kabila ne, firistoci na gidan sarauta, Wahayin Yahaya 1:6 ma haka. Wannan ne Martin Luther ya tsaya a kai a 1520, cewa duk wanda aka yi wa baftisma firist ne. Kuma labulen Haikali, wanda ya tare hanyar shiga Wuri Mafi Tsarki, ya tsage daga sama har ƙasa ranar da Yesu ya mutu, ba don a sake ɗinka shi a sa wani a bakin ƙofa ba. Ibraniyawa 10:18 ta ce inda aka gafarta zunubi babu sauran hadaya domin zunubi. Ni abin da yake damuna ma ba Katolika kaɗai ba ne, mu da muke cewa kowa firist ne mu ne kuma za ka ga mutum ba zai iya yin addu'a a kan ciwon kansa ba sai ya nemi wani "mutumin Allah" ya ɗora masa hannu, kamar Allah ba ya jin muryarsa sai ta bakin wani. Wannan ma ai ɗinka labule ne.

Yohanna ya rubuta:

Ɗan'uwa Danjuma, batun dukan masu bi firistoci ne mu ma muna koyar da shi, Majalisar Batikan ta biyu, wato babban taron shugabannin Katolika, ta faɗe shi a fili a 1964, sai dai ta ce na masu baftisma da na waɗanda aka naɗa iri biyu ne, dukansu daga na Almasihu suke fitowa. Ka tuna a Fitowa 19:6 an ce wa Isra'ila duka mulkin firistoci ne, duk da haka aka keɓe Haruna. Na san za ka ce ai wancan tsohon alkawari ne. Ba za mu warware abin da ya raba ikkilisiya shekara ɗari biyar a nan ba, amma maganarka ta ƙarshe kam na sa hannu a kanta.

Mama Saratu ta rubuta:

'Ya'yana ku bar ni in sa baki kaɗan, ni ban yi makarantar tauhidi ba, karatu ne dai na shekaru. Rifkatu, in kin koma wurin 'yan matan nan kada ki tsaya a kan kalmar Ibrananci kawai, za su rubuta a littafi su manta. Ki nuna musu abin da firist ɗin yake yi yanzu da muke maganar nan.

Lokacin da mijina ya rasu na yi wata da watanni ba na iya addu'a, in na durƙusa sai kuka, bakina ya ƙi buɗewa, har na fara jin tsoro ko na rabu da Allah ne. Ayar da ta riƙe ni ita ce 7:25 ɗin nan, cewa kullum yana raye domin ya yi roƙo saboda waɗanda suke zuwa wurin Allah ta wurinsa. Sai na tuna daren da Yesu ya ce wa almajirinsa Bitrus Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku kamar alkama amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta kāsa, Luka 22. Bitrus bai san ma ana yi masa addu'a ba, yana can yana cika baki, daga baya ya yi musun sani har sau uku, amma addu'ar ta riga ta tafi gabansa. Na ce ashe a watannin da na yi shiru ba shiru aka yi a kaina ba. Da firist ɗina irin Haruna ne da sai in ce yau yana nan gobe an binne shi, in fara bayanin kaina ga wani sabo wanda bai san hawayena ba.

Akwai kuma wani wuri da nake so ki duba, Littafin Ƙidaya 35, biranen mafaka guda shida. Wanda ya kashe mutum ba da gangan ba yakan gudu can, ba shi da damar komawa gida sai ranar da babban firist ya mutu. Ki yi tunani, mutum yana zaune shekara da shekaru, 'yancinsa yana rataye a kan mutuwar firist. Namu ya mutu, an sake mu, ya kuma tashi, mafakar ba ta rushe ba. A Ibraniyawa 6:18 ma an kira mu waɗanda suka gudu suka sami mafaka, daga nan kai tsaye aka shiga maganar Malkisadik. Ni ban ce lalle abin da marubucin yake tunani ke nan ba, amma duk lokacin da na karanta sai wurin ya zo min. Sannan a 10:11 da 12, firistoci kullum a tsaye suke suna miƙa hadaya iri ɗaya, shi kuwa ya miƙa guda ɗaya ya zauna. A cikin kayan alfarwar sujada ta zamanin Musa akwai tebur akwai fitila akwai bagade akwai daro, ba a lissafa kujerar firist ba, don aikinsu ba ya ƙarewa.

Rifkatu ta rubuta:

Kai, na gode ƙwarai, Mama kin sa ni hawaye. Baba Iliya na rubuta Dutsen Hor da maganar Eli, da su zan fara. Amma don Allah saura guda ɗaya, don na san yarinyar nan za ta binciko ta, ni ma jiya da dare na ci karo da ita. Irmiya 33:17 da 18, an ce Dawuda ba zai rasa wanda zai zauna a gadon sarauta ba, haka kuma firistoci Lawiyawa ba za su rasa mai miƙa hadaya a gaban Allah ba, har aka ce sai in za a iya karya alkawarin dare da rana. Wannan ai ya yi kama da rantsuwa, ba irin na Eli ba ne. Na Dawuda mun ce ya cika a kan Yesu, to na Lawi fa, tunda Yesu ba Balawe ba ne?

Malam Iliya ya rubuta:

Wannan ita ce mai wuyar, 'yata, kuma masu bi na gaskiya sun rabu biyu a kanta. Waɗansu suna haɗa ta da Ezekiyel sura 40 zuwa 48, inda aka ga sabon Haikali da 'ya'yan Zadok suna hidima, suna cewa akwai lokaci nan gaba da Lawiyawa za su koma aiki a zahiri, hadayunsu su zama na tunawa da gicciye. Waɗansu kuma, ni ina cikinsu, muna ganin yadda gadon Dawuda ya cika ta hanyar da ta fi abin da mutanen Irmiya suka zata, ba kujera a Urushalima ba amma zama a hannun dama na Allah, haka na Lawi ma. Abin da aka yi alkawari shi ne ba za a rasa mai tsayawa a gaban Allah domin jama'a ba, kuma ba a rasa ba. Zakariya 6:13 ta riga ta hango firist a kan gadon sarauta, abu biyun da Irmiya ya jera sun haɗu a kan mutum ɗaya, Ishaya 66:21 kuma ta ce Allah zai ɗauki waɗansu daga cikin waɗanda aka tattaro daga al'ummai ya mai da su firistoci da Lawiyawa. Abin da ya hana ni bin ra'ayi na farko shi ne Ezekiyel ya kira waɗansu hadayun nan na zunubi ne, ni kuwa na kasa haɗa wannan da ayar da Danjuma ya kawo, Ibraniyawa 10:18. Amma su ma masu wancan ra'ayin za su ce min na mai da Lawi abin da ba Lawi ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Ki kai mata duka biyun, ki buɗe mata Irmiya 33 da Ibraniyawa 10 gefe da gefe ta karanta da bakinta. In ta zo da wata ayar kuma ki dawo mana da ita, ina so in ji abin da za ta ce a kan Ezekiyel.